Kwana Biyun Effie A Dublin

Shafi na 7

Na ga saƙonninku. Masu cewa ina ja muku rai, ku yi haƙuri. Sau uku ina fara wannan shafin ina gogewa. An fi shekara ashirin da faruwar abin, amma har yau in na iso nan wajen sai hannuna ya ƙi tafiya.

Ƙarfe shida da rabi muka sauko daga jirgin ƙasan da ya dawo da mu daga Howth, wani garin bakin teku, ni da Effie. Takalmanmu sun jiƙe sharkaf, rigunanmu sai ƙamshin soyayyen kifi da iskar teku.

Jiya-jiya na santa. Ɗaliba ce daga Glasgow ta ƙasar Scotland, ta zo hutun ƙarshen mako da ƙawayenta huɗu, suka shigo ɗanɗanon wiski a inda nake aiki ranakun da ba ni da lacca. Tun kofi na biyu muka fara musu, kafin a tashi mun zama kamar mun shekara tare. Yau kuma tun safe nake yawo da ita.

"Ni fa ina nan kan bakana," ta ce muna tafe. "Wiskinku sau uku kuke tacewa don ba ku iya a karon farko ba."

"Naku fa? Kamar an wanke tokar murhu an ɗura a kwalba."

"Tokar ai ita ce daɗin, Orla. Ke yarinya ce."

"Shekara huɗu kawai kika ba ni."

"Huɗu ai ba wasa ba ce."

Wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta yi murmushi.

"Ƙawayena ne. Suna unguwar Temple Bar, mashaya ta uku ke nan. Wai Morag har ta samu ɗan Italiya zai aure ta gobe."

"Ki je ki same su mana, kar a ɗaura ba ke."

"A'a. Kin ce za ki kai ni taku mashayar." Ta mai da wayar aljihu. "Mamanki tana nan yau, ko?"

Karo na uku ke nan tana tambaya tun safe.

"Tana nan," na ce.

Bari in gaya muku abin da na ɓoye muku tun shafin farko. Mama ta rasu wata takwas kafin wannan ranar.

A unguwarmu kowa ya sani. Mai kanti in ya miƙo min canji sai ya karkatar da kai. A makaranta in na shigo sai hira ta canza. Effie ce mutum ta farko da ta dube ni ba ta ga marainiya ba. Da ta tambaye ni jiya, "Ya mamanki take?" sai na ji bakina ya ce, "Tana nan, ba ta gajiya da faɗa." Na ji wani daɗi da na manta da irinsa. Na ce a raina ai baƙuwa ce, Lahadi za ta hau jirgi. Kwana biyu kacal zan sake zama mai uwa, ba wanda zai cutu.

A bakin gada Effie ta tsaya wajen wata mai sayar da fure. Ta daɗe tana zaɓe.

"Wane launi take so?"

"Wa?"

"Mamanki."

"Ba sai kin wahalar da kanki ba, Effie."

"Wane launi?"

"Rawaya."

Ta sayi rawaya. Da muka shiga layinmu ta tsaya gaban gilashin wani shago, ta shafa jan baki, ta kalli kanta, ta sa bayan hannu ta goge. Na yi mata dariya.

"Mashayar tsofaffi ce fa. Mafi ƙuruciya a ciki ya haura sittin."

Ba ta yi dariyar ba.

Na yi niyyar gaya mata a ƙofa. Wallahi na yi niyya. Na buɗe baki, sai wani ya turo ƙofar daga ciki, hayaƙin taba da ƙarar goge suka fito mana, ta riga ni shigewa.

Lokacin ba a hana shan taba a mashaya ba. Masu kiɗan Asabar sun riga sun zauna a kusurwarsu. Baba ba ya bayan kantar sayar da giya, ya sauka ɗakin ƙasa canza gangar giya. Kawu Fintan na kan kujerarsa ta kullum, tsohon direban bas ne, tun kafin a haife ni yake zama a nan.

"Orla, wa kika samo mana?"

"Ƙawata ce, Kawu. Effie. Daga Scotland take."

"Scotland? To a ɓoye kwalaben kirki." Ya miƙa mata hannu. "An ce wani ɗan ƙasarku ya taɓa saya wa mutane giya sau ɗaya, 'yar nan. Har yanzu ana neman shaidu."

"Kakana ne," in ji Effie. "Bai sake lafiya ba tun daga ranar."

Mutanen da ke bakin kantar suka kwashe da dariya. Kawu Fintan ya buga tebur.

"Wannan tamu ce. Zauna. Furen fa, nawa ne? Ban san an fara so na ba."

"Na matar gidan ne." Muryarta ta ɗan yi rawa. "Na Breda."

Dariyar ta ɗauke.

Kawu Fintan ya dube ni, ya dube ta. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Allah sarki. Kin kyauta, 'yar nan. Sai dai gobe, don yanzu sun rufe maƙabartar."

"Maƙabarta?"

"Allah ya jiƙan Breda. Ba a yi mace irinta a layin nan ba."

Ya nuna saman kantar da haɓa. Hoton Mama na nan tsakanin kwalabe, wanda aka ɗauke ta ranar bikin kawuna tana dariya, katin jana'izarta maƙale a gefen firam ɗin.

Effie ta matsa har cikinta ya taɓa kantar. Ta tsaya tana kallon hoton. Ba ta yi kuka ba. Furen ne kawai ya sulale daga hannunta ya faɗi kan jiƙaƙƙen daɓe.

Na kama hannunta, sanyi ƙalau. Na ja ta zuwa ɗan ɗakin da ke gefen kantar, wanda tsofaffin mata ke zama a da, na rufe ƙofa.

"Effie, ki yafe min. Na yi miki ƙarya. Ban san me ya..."

"Yaushe?"

"Na so in gaya miki tun a jirgi."

"Yaushe ta rasu?"

"Sha ɗaya ga Maris."

Na ga leɓenta na motsi, tana ƙirga wani abu da yatsu.

"Me ya same ta?"

"Ciwon daji. An gano shi a makare."

"Ta sha wahala?"

"Satin ƙarshe kawai. Effie, zauna mana."

Ba ta zauna ba.

"Yau da rana a kan dutsen Howth kin ce min duk safiyar Asabar tana gasa burodi."

"Na sani."

"Kin ce in ta ga takalmanki za ta kashe ki."

"Na sani."

"Na tambaye ki ko tana yawan dariya, kika ce har maƙwabta ke jiyo ta. Na tambaye ki ko tana waƙa. Kika rera min wadda take yi in tana wanke-wanke. Kina kallon idona, Orla."

"Na ce ki yafe min."

"Kin bar ni na sayi fure."

Kunya ce ta fara cina, daga nan ta juye ta koma haushi. Wata takwas ina haɗiye abu, ga wata da na sani jiya tana min tsawa a gidanmu.

"To na yi ƙarya, sai me? Ke me ya shafe ki har haka? Uwata ce ta mutu, ba taki ba."

"Tawa ce."

A waje mai goge ya canza waƙa. Ina jin ƙafafu na buga ƙasa.

"Me kika ce?"

"Tawa ce ita ma."

Na yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Kofi nawa kika sha a Howth?"

Ta buɗe jakarta. Daga cikin fasfonta ta zaro wata takarda da ta sha ninki har ta fara yagewa, ta shimfiɗa a tebur. Ba ta miƙo min ba. Ni na sunkuya.

Takardar haihuwa ce. Glasgow, 1978. Sunan uwa, Bridget Gaughan. Wajen sunan uba an ja layi.

Gaughan sunan gidan su Mama ne. Bridget kuma sunanta na takarda, ba mai kiranta da shi sai Fada a coci.

"Shekararta sha tara," in ji Effie. "Daga yankinku na Mayo ta zo. Kwana tara ta yi da ni, aka karɓe ni."

"Akwai Bridget Gaughan ɗari a Mayo."

"Ta taɓa zama a Scotland?"

Na kau da kai.

"Orla."

"Aikin otal ta je. Shekara ɗaya. Kowa ya san wannan."

"Wace shekara?"

"Ban sani ba. Ba ta son maganar." Na ture takardar. "Wannan ba hujja ba ce. Mama ba ta ɓoye min komai. Ni na kwana da ita a asibiti sati shida, da akwai wani abu da ta faɗa."

"Duba sama. Sunan jaririyar."

"Ba sai na duba ba."

"Elspeth, wato cikakken sunana, iyayen da suka raine ni ne suka sa min. Duba wanda ita ta sa."

Na duba.

Roisin.

Na zauna a benci.

Satin Mama na ƙarshe, da suka ƙara mata maganin ciwo, takan farka ta dinga lalube a gefen gado. "Ina Roisin? An ba ta nono? Ku rufa mata ƙafa, akwai sanyi." Sau nawa ina kama hannunta ina cewa, "Mama, ni ce, Orla." Sai ta dube ni ta ce, "Na san ke ce, ɗiyata. Ita nake tambaya." Na tambayi Baba wace ce Roisin. Ya ce maganin ne ke sa ta sambatu.

Ban san na faɗi wannan a fili ba sai da na ji sautin da ya fito daga bakin Effie. Ta toshe bakin da hannu biyu, ta zame ta zauna a ƙasa, bayanta jingine da ƙofa.

"Ta kira ni?"

"Kullum."

"Ta ce a rufa min ƙafa?"

Na gyaɗa kai.

Sai a lokacin kukan ya zo mata. Ba mai ƙara ba, irin wanda ke girgiza kafaɗu ne. Na zauna ina kallonta. A karon farko na lura da yadda take danna babban yatsa a tsakiyar goshi in tana kuka. Kwana biyu muna tare ban ga komai ba. Yanzu kuma duk inda na kalla a fuskarta Mama nake gani.

Na so in tashi in rungume ta. Wani abu ya riƙe ni.

"Ba haɗuwar sa'a muka yi ba ke nan," na ce.

Ta ɗago.

"Jiya. Wajen aikina. Kin san ko ni wace ce."

"E."

"Tun yaushe?"

"Tun jiya da safe. Na bar ƙawayena a masauki, na zo layin nan. Minti arba'in na yi a tsallaken titi ina kallon ƙofarku, na kasa tsallakowa. Sai ga ki kin fito da rigar aiki, kina cin burodi a tsaye. Na ga sunan wajen a bayan rigar. Ni na lallashi su Morag muka je ɗanɗanon."

"Wato duk musun wiskin nan..."

"Ni ko son wiski ba na yi."

"Duk tambayoyin da kike min. Na ɗauka ni kike son sani."

"Ke ma ina son saninki."

"Ƙarya ne. Hanya kika mai da ni."

"Da farko, e." Ta share hanci da hannun riga. "Amma yau a jirgi da kika yi barci a kafaɗata, na ce a raina ko ta kore ni, na samu ƙanwa. Wannan ba ƙarya ba ne."

"Kar ki kira ni haka."

"To."

"Ban shirya ba."

"Na ce to."

Wayarta ta sake ƙara a aljihu, ba ta taɓa ta ba.

"Me ya sa sai yanzu?" na tambaya. "Shekara ashirin da biyar. Da kin zo bara da kin same ta a bayan kantar nan."

Na san maganar za ta yi mata ciwo. Na faɗa duk da haka.

"Tun ina sha takwas nake da takardar nan," ta ce. "Mutanen da suka raine ni mutanen kirki ne, ba su ɓoye min ba. Tsoro nake ji. Sai bara na sa aka nemo min inda take. Ban so in faɗo mata haka kawai ba, tana da miji, tana da ke. Sai na rubuto."

"Kin rubuto?"

"Sau uku."

"Ina?"

"Nan. Breda Keaveney, wannan adireshin. Ta farko kafin Kirsimeti, har da hotona a ciki. Na ce ba na neman komai, in ba ta so in sake rubutowa ta aiko min da kati ko ba rubutu, zan gane. Ba abin da ya zo. Na sake a Fabrairu. Na sake a Mayu."

A Mayu Mama ta yi wata biyu a ƙasa.

"Na ɗauka ba ta so na ne," ta ce. "Na haƙura. Na ce bari dai in zo in gan ta sau ɗaya, ko giya ce ta zuba min ba ta san ni ba, in koma. Sai ke kika dinga ba ni labarinta, har na fara tunanin mace irin wannan ba za ta ƙi ni ba, wataƙila wasiƙun ne suka ɓata."

"Ba ta samu wata wasiƙa ba."

"Kin tabbata?"

"Kafin Kirsimeti tana gida, a sama take kwance. Idonta ya yi rauni, ni nake karanta mata duk katin da aka aiko. Ɗaya bayan ɗaya. Babu na Glasgow."

"Wa ke ɗauko su daga ƙofa?"

Mutum ɗaya ne ke ɗauko su, na kuma san ko wane ne.

Aka ƙwanƙwasa. Effie ta ja jiki daga bakin ƙofar, ta miƙe tana gyara fuska.

Baba ne. Tawul a kafaɗa, faranti a hannu da kofi biyu na wiski mai zafi da lemun tsami. Haka yake yi wa duk wanda ya shigo a jiƙe. Furen da ya faɗi yana maƙale a hammatarsa.

"Fintan ya ce ƙawarki ba ta ji daɗi ba. Ku sha wannan, zai..."

Idonsa ya sauka kan Effie.

Na san Baba. Na gan shi ya raba faɗan mutum shida da hannu ɗaya. Ranar jana'izar Mama shi ya dinga ba mutane haƙuri. Ban taɓa ganin faranti ya karkace a hannunsa ba sai ranar. Wiskin ya dinga zuba ta gefen kofunan.

Ya ajiye a tebur, kusa da takardar. Ko kallon takardar bai yi ba.

"Elspeth," ya ce.

"Baba, Effie na ce wa Kawu Fintan. Ba wanda ya faɗi wannan sunan."

Ya tura ƙofa da ƙafa ta rufe. Ya cire tawul ɗin daga kafaɗa, ya ninke shi biyu, ya sake ninkewa.

"Kin fi hoton kama da ita," ya ce wa Effie.

"Ka ga hotona?"

"Na gani."

"Ina wasiƙun, Baba?"

"Orla, bari a tashi tukuna. Akwai mutane."

"Ina suke?"

Ya dubi ƙasa.

"Suna sama. Cikin akwatin kayan askina. Duka ukun."

"Ka buɗe?"

"Na buɗe ta farko. Na ga tambarin Glasgow, na san ko mene ne."

"Wato ka san da ita."

"Tun kafin in auri uwarki na sani. Ita ta gaya min da bakinta."

Effie ta dafa tebur. Muryarta ta fito a hankali, cikin ladabi, kamar mai tambayar hanya.

"Yallaɓai, don Allah abu ɗaya. Ta san na neme ta?"

Baba ya zauna a benci kamar an tura shi. Ya daɗe yana murza tawul ɗin.

"Kwana uku kafin ta cika, hankalinta ya dawo sarai. Ke Orla kin je gida wanka. Ta kama hannuna ta ce, Malachy, ka gaya min tsakaninka da Allah, duk shekarun nan ba a taɓa rubuto min daga Glasgow ba?"

"Me ka ce mata?"

Bai ɗago ba.

"Baba. Me ka ce mata?"

"Na ce mata a'a."